Jarrabawar Benci ta Alhaji Bawa Manaja

A safiyar Talatar makon jiya na tara iyalina a tsakar gida domin wata muhimmiyar sanarwa. Na gyara zaman tabarau, na yi gyaran murya, na shaida musu cewa daga wannan rana cajar wayata ta haramta ga kowa in ban da ni, kuma duk wanda aka same ta a ɗakinsa zai yi bayani. Matata ta ci gaba da tankaɗen garinta. Yara suka dubi juna. Ina shirin kawo hujjata ta biyu sai wayar ta yi ƙara a aljihuna, da ɗan sauran cajin da aka bar mini. Babban ɗan Alhaji Bawa ne. Ya ce, "Baba Malam, Alhaji ya rasu. Mun dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ƙarasa sanarwar ba, kuma har yau babu wanda ya tambaye ni sauranta.

Duk Kontagora da Manaja aka san shi, alhali bai taɓa zama manajan banki ba. Ya shiga aiki yana saurayi a bayan kanta, ya yi kashiya, ya yi sashen rance, ya yi ritaya yana shugaban wani sashe da ni kaina ban taɓa fahimtar aikinsa ba. In baƙo ya kira shi Manaja, yakan gyara masa sau ɗaya, sannan ya ƙyale shi. "Manajoji da yawa na raka zuwa mota ranar da aka sauya su," in ji shi. "Ni dai ina nan." A wani ƙauye kusa da Salka aka haife shi, Kambarci ya fara ji kafin Hausa, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Tsofaffin da suka yi hulɗa da shi suna faɗi cewa in manomi ya tsaya gaban kantarsa yana in-ina da Hausa, Alhaji yakan sauke murya ya juya harshe, sai ka ga kafaɗun mutumin sun sauka.

Ni malamin adabi ne a wata kwaleji a nan garin. Abin da ya haɗa ni da shi zaman bayan la'asar ne a ƙofar gidansa, ƙarƙashin mangwaro, inda muka shafe shekaru muna saɓani kan kusan komai. Shehi yake kirana. Ba don girmamawa ba.

Saɓaninmu mafi tsawo a kan wata jarrabawa ne. Ga wanda bai sani ba, akwai jarrabawar ƙwararru kan harkar kuɗi da aikin banki, wadda ba jami'a ke shiryawa ba, ƙungiyar masu sana'ar ce da kansu. Mataki-mataki ake yinta, a ƙarshe a ba mutum takardar shaidar ƙwarewa, kuma ana iya farawa tun yaro yana ɗalibi. Alhaji ya yi tasa ne a makare, da furfura a gemu, bayan ya ga yaran da ya koya wa aiki suna wuce shi. Ya faɗi ba sau ɗaya ba kafin ya ci. Yakan ce, "Na yi karatun nan da yaro a cinya da hawan jini a ka. Ba na son wani ya yi shi haka." Da ya yi ritaya sai zaurensa ya zama aji. Samari da 'yan mata masu sha'awar aikin banki suna zuwa, yana koya musu, matarsa Hajiya Lami tana aiko musu da kunun zaƙi. Bai taɓa karɓar ladan koyarwa ba.

Ra'ayina a kan wannan ban ɓoye masa ba. Na ce yaron da bai gama digiri ba a ɗora masa karatu na biyu, wannan zalunci ne da aka sa wa nektayi. Na ce kuɗin rajista da na littattafai iyaye ne ke ɗauka, kuma yawancinsu da ƙyar suke biyan na makaranta. Na ce a ƙasar nan ba takarda ke ba da aikin banki ba, wanda ka sani ne. Na kawo masa misalai daga tarihi da littattafai, wasu ma sun dace da zancen.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai musa ba. "Takardar ba ta ba da aiki, Shehi," ya ce. "Duk wanda ya ce maka tana bayarwa, rajista yake tallatawa."

"To amfaninta me?"

"Ranar da aka kira yaro gwajin ɗaukar aiki, zai gane abin da ake tambayarsa. In ya shiga, ba zai yi shekara yana sunkuyar da kai ba duk lokacin da aka yi maganar da ta wuce ƙirgen takardun kuɗi. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne, in aikin bai dace da shi ba, zai gane yana da ƙuruciyarsa, ba sai ya tara iyali ba."

"Wato ana biyan kuɗi ne don a gano an yi kuskure."

"Kai da ka gano naka kyauta, ai ga ka nan kana koyar da waƙa."

Sai dai ba kowa Alhaji yake karɓa ba, kuma a nan ne hanyarsa ta bambanta da ta kowa. Duk wanda ya zo masa da maganar jarrabawar nan, kafin ya buɗe masa littafi, banki yake tura shi. Ba don ya ajiye ko ya cire ba. Ya je ya zauna a benci tun buɗe ƙofa har azahar, waya a kashe, a ranar da aka fi cunkoso, ƙarshen wata ko lokacin da manoma suka sayar da hatsi. Masu gadi sun san da zancen, ba sa korar su. In yaro ya dawo, tambaya ɗaya ce: "Me ka gani?" Wanda ya fara da sanyin ɗaki, ko kwat ɗin ma'aikata, ko motar manaja, sai Alhaji ya sa masa albarka ya ce, "Je ka gama digirinka, ka dawo mu sake magana." Ni na raɗa wa abin suna jarrabawar benci, don ba'a, sunan kuma ya bi shi. Duk sanda na tsokane shi yakan ce, "Shehi, kai ma ka je ka zauna mana." Ni kuma in ce na zauna a banki iya zama a layin albashi, ban ga komai ba sai ƙeyar na gabana.

Ina nan lokacin da wani saurayi daga Salka, Yohanna, ya dawo daga benci tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Ya ce kansa ke ciwo, mutane sun yi yawa, kowa da fushinsa. Alhaji bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi abin da yake yi in ya je gida hutu, yaron ya ce yana bin kawunsa duba shanu da awaki, ya kama bayani bai tsaya ba sai da aka kira sallah. Alhaji ya ce masa, "Ɗana, mahaifinka ne ke son banki. Zan je in gan shi." Ya kuwa hau mota ya je har Salka. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san Yohanna yanzu yana da shagon maganin dabbobi a Rijau.

Duk wannan daga gefe nake kallonsa, ina dariya, sai abin ya shigo gidana. 'Yata Safiya, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana karanta ilimin tattalin arziki a jami'a. Tana shekara ta biyu aka shiga wani dogon yajin aiki, ta dawo gida ta zauna har ta fara gyara mini jeren littattafai ba tare da izini ba. Wata rana ta je benci. Mahaifiyarta ta sani, ni ban sani ba.

Washegari bayan la'asar na ga Alhaji a ƙofar gidana, abin da ba ya yi, domin ni ne mai zuwa wurinsa. Babbar riga ya sa, da hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita.

Na ce, "Manaja, lafiya? In neman aure ne, ka tsufa."

Ya zauna, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya kamar bai san ni ba. Sannan ya ce, "Yarinyarka ta je benci. Ka san abin da ta ce ta gani? Wani dattijo da yake ta barin mutane suna wuce shi a layi. Kowa ya ɗauka kirki ne. Ita ta lura jira yake a ragu, don kada a ga yana dangwala yatsa maimakon sa hannu. Sannan ta tambaye ni me ya sa wani kashiya ya yi ta maido da wata mata, kowane zuwa da abin da ya rage, bai faɗa mata duka a lokaci ɗaya ba. Ta ce doka ce ko hali? Shehi, na yi shekaru ina jiran a yi mini wannan tambayar."

"Ta gama digirinta tukuna. Ya yi wuri."

"To."

"To me?"

"To, na ji. 'Yarka ce. Ba zan koya mata harafi ɗaya ba sai ka yarda."

Ya kuwa cika. Safiya ta je, ya ce ta gaida Hajiya ta koma gida. Ban taɓa jin ya aiko mini wani ya roƙe ni ba, bai kuma sake tayar da zancen a ƙarƙashin mangwaro ba. Wannan shirun ne ya fi damuna, domin na tanadi hujjoji ban sami inda zan sauke su ba. A gida kuwa ba a yi mini shiru ba. Matata takan ajiye mini abinci ta ce, "Malam, ga tuwo. Ko shi ma ya yi wuri?" Daga ƙarshe na yarda, da sharaɗi: ranar da sakamakonta na jami'a ya yi ƙasa, an daina.

Na ɗauka ni ne zan yi gadin wannan sharaɗi. Ashe shi ne. Bayan ta ci matakin farko aka koma makaranta, wani zango sakamakonta ya sauka. Ni ban ma lura ba, domin ban nemi gani ba. Shi ya nema. Da ya gani, ya hana ta rajistar zaman jarrabawa na gaba. Ta yi kuka a zaurensa, ta ce darasi ɗaya ne, kuma malamin ne mugu. Ya ce, "Alkawari na yi wa babanki. Kuma bankin da zai ɗauke ki, digiri zai fara tambaya. Je ki gyara, littattafan nan ba za su gudu ba." Ta yi kwanaki ba ta gaishe shi ba. Bai je rarrashi ba, bai kuma sauya magana ba. Da ta gyara, ya karɓe ta kamar jiya suka rabu.

Ta taɓa faɗuwa wata takarda a mataki na tsakiya. Ranar na je ƙarƙashin mangwaro da wuri, na zauna ina kaɗa ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Faɗi abin da ka zo faɗi, Shehi, kada ya kumbura maka ciki." Na faɗa. Ya ce, "Ita ta faɗi tana da lokacin tashi. Ni da na faɗi, washegari sai da na je na zauna gaban yaron da ya ci, ina ce masa ranka ya daɗe." Daga nan ya tambaye ni labarin wani littafi da na ara masa, wanda na tabbata bai karanta ba.

Haka aka yi ta tafiya. Safiya ta gama digiri a bana, tana jiran a tura ta bautar ƙasa. Mataki ɗaya ya rage mata, na ƙarshe, kuma ranar Alhamis za a zauna a Minna. Alhaji ya rasu ranar Talata.

An yi jana'iza kafin azahar. Da na dawo daga maƙabarta na tarar Safiya ta tafi wurin Hajiya Lami, ba ta dawo ba sai bayan magariba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ba za ta je Minna ba, za ta zauna da Hajiya har addu'ar uku. Na ce ai Alhamis ke nan. Ta ce ta sani. Na ce zama na gaba fa, kina can inda aka tura ki, ko Kudu ko ina. Ta ce ta sani. Dukanmu mun san abin da ba a faɗa ba: in ta bar wannan, babu mai zaunar da ita ta sake buɗe littattafan nan.

Ta ce, "Baba, ai abin da kake so ke nan tun farko."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da gaske take, kamar mai miƙa mini abin da na daɗe ina nema.

A wurin zaman makoki na ga waɗanda suka bi ta zaurensa. Wasu sun zo da kwat daga wurin aiki, wasu har yanzu suna neman aikin, takardar tana akwati, kuma ba zan ɓoye wannan ba don mutumin ya rasu. Shi ma ba zai so a ɓoye ba. Abin da ban zata ba shi ne waɗanda ya mayar. Sun fi yawa. Yohanna ya zo tun daga Rijau, ya zauna kusa da ni a tabarma, ya ce, "Malam, ni fa faɗuwa na yi a wurin Baba. Ban taɓa faɗuwar da ta yi mini amfani irin wannan ba."

Laraba da sassafe na yi sallama a cikin gidan Alhaji. Hajiya Lami tana zaune da carbi, mata kewaye da ita, Safiya na gefe tana zuba wa baƙi kunu. Na yi ta'aziyya, sannan na ce, "Hajiya, aron 'yarki na zo nema, na kwana biyu."

Ta ce, "Malam, ai tun jiya nake cewa ta tafi. Cewa ta yi kai ba za ka damu ba in ta zauna."

Na juya na ce, "Uwata, je ki ɗauko jakarki."

"Baba, ban buɗe littafi ba tun shekaranjiya. Kaina babu komai."

"Tun kina aji biyu kike buɗewa. In kin faɗi, kin faɗi. Malaminki ma ya faɗi."

Hajiya ta yi dariya, ta farko tun rasuwar Alhaji, sannan ta share ido ta ce, "Ya faɗi kam. Ni na sha fushin." Ta kama hannun Safiya ta ce, "Tashi. Addu'a daga ko'ina tana isa."

Na kai ta tasha tare da yayanta, na tsaya har motar ta cika ta tashi. Hanyata ta komawa gidan makoki ta gaban bankin da Alhaji ya yi aiki take bi. An buɗe ƙofa, mutane na shiga. Ban shirya ba, na dai ga na faka babur. Na shiga na sami benci na zauna, na kashe waya. Can mai gadi ya zo ya ce, "Baba, ga layi can." Na ce ba abin da na zo yi, zama kawai. Ya ƙare mini kallo, da furfurata da tabarau, ya ce, "Au, ɗalibin Manaja ne? Allah ya jiƙansa." Ya koma bakin ƙofa.

Ga abin da na gani, a jere kamar yadda na gan shi. Agogon bango ya tsaya. Talabijin na yi babu murya. Sanyin ɗakin ya yi wa gwiwata yawa. Sai da na daɗe kafin na fara ganin mutane: wani magidanci da ke ta taɓa aljihun gaba yana duban ƙofa, wata tsohuwa da ta je taga aka amsa mata ba a ɗago kai ba, ta tsaya ta rasa ko an gama da ita ne. Wata ma'aikaciya a taga ta kusa ta miƙe ta yi mata magana da wani guntun Dukanci, da alama karyayye ne, domin tsohuwar ta yi dariya kafin ta matsa. Suna nan tun shigowata. Ni ina kallon agogo. Da Manaja yana nan ya tambaye ni me na gani, da ya sa mini albarka ya ce in je in gama digirina.

Safiya ta zauna jarrabawar ta dawo. Sakamako bai fito ba, kuma ban san ko banki zai ɗauke ta ba. Shi ma bai taɓa yi mata wannan alkawarin ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari ya haskaka shi. Allah ya sa ilimin da ya bayar a zaurensa, da gaskiyar da ya faɗa wa waɗanda ya mayar, su zama sadaka mai gudana gare shi. Allah ya ba Hajiya Lami haƙuri da lafiya, ya haɗa kan 'ya'yansa da jikokinsa, ya tsare musu mutuncin da ya bar musu. Mu da muka rage a ƙarƙashin mangwaro, Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Na ce masa ta gama digiri tukuna, ya yi wuri. Da an bi tawa, a wannan watan ne za ta fara zuwa zaurensa. Ban yi daidai ba, Manaja.